Tuwo da Ƙiba: Jawabin Ma'aikaciyar Lafiya a Taron Cikar Shekarar Ƙungiya

 Hajiya shugaba, iyayena mata, yayye da ƙanne da kuka taso daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, sannunku da hanya. Allah ya ƙara wa wannan ƙungiya albarka, ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya.

An ce in yi magana a kan tambayar da mata suka fi yi mana a asibiti kwanan nan: wai in mace tana so ta rage ƙiba, sai ta bar tuwo da shinkafa gaba ɗaya? Wasu sun gani a waya, ana ce masa keto. Amsata a taƙaice ita ce a'a, amma ku ba ni aron kunnuwanku in kawo dalili, don akwai gaskiya a cikin maganar, akwai kuma ruɗi.

Mu fara da kwaɗayi. Masara, dawa, gero, shinkafa, rogo, taliya, burodi, duk sitaci ne, kuma da zarar sun shiga ciki sukari suke komawa su shiga jini. Da shi muke aiki. Bambancin yana wajen sauri. Hatsin da aka bar masa ɗan dusarsa a hankali yake narkewa. Farin burodi da shayi mai sukari cokali huɗu kuwa, nan da nan sukarin jini ya yi sama. Sai jiki ya saki sinadarin insulin don ya kwashe shi, sukarin ya sauko da sauri, kafin azahar kin ji jikinki ya mutu, ranki na son fanke ko lemo mai sanyi. Kin sha, an sake komawa gidan jiya. Don haka wadda ke fama da kwaɗayin zaƙi kada ta ce ita ce maras haƙuri. Sau da yawa karin kumallonta ne ya ɗana mata tarko.

Rashin barci ma yana ƙara shi, haka damuwa. Wanda bai yi barci sosai ba, sinadarin da ke sa jin yunwa yana ƙaruwa a jikinsa, kuma abu mai zaƙi ransa zai fi so. Ba sai na gaya wa matan yankin nan abin da ke hana barci ba. Wadda ta kwana kunnenta na waje saboda 'yan bindiga, in ta wayi gari tana neman abin zaƙi, ba abin zargi ba ce.

To, shi wannan tsari na barin sitaci daga ina ya fito? Keto dai likitoci ne a Amurka suka fara amfani da shi wajen 1921, kuma don yara masu farfaɗiya aka yi shi, ba don rage teɓa ba. Daga baya wani likita mai suna Robert Atkins ya fitar da littafinsa a 1972, ya yayata barin sitaci don rage ƙiba. A tsarin keto mai tsanani, sitacin da mutum zai ci a yini bai wuce giram 50 ba. Malmala ɗaya ta tuwon masara mai ɗan kauri ta haura haka. Sauran cikin sai a cika shi da nama da ƙwai da kifi da mai. Ku da kuke zuwa kasuwa kun fi ni sanin kuɗin nama da na kiret ɗin ƙwai a yau. A gidan da ke da yara bakwai, wa zai ɗauki wannan?

Masu yi za su ce miki ai sun ga aiki a mako guda, sikeli ya nuna kilo biyu sun tafi. Gaskiya ne sikeli ya sauka, sai dai yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka don ko-ta-kwana, kuma kowane giram ɗaya na ajiyar nan yana riƙe da ruwa kamar giram uku. In kin bar sitaci, ajiyar ta ƙare, ruwan ya fita ta fitsari. Ranar da kika koma tuwo, ruwan ya dawo abinsa. Kitsen yana nan bai motsa ba tukuna.

Abin dubawa shi ne bayan shekara. A jami'ar Stanford ta Amurka an yi gwaji da mutum 609, aka fitar da sakamakon a 2018. An raba su biyu, wasu suka rage sitaci, wasu suka rage maiƙo, tsawon wata 12. Masu rage sitaci sun sauke kimanin kilo 6, masu rage maiƙo kilo 5 da ɗoriya. Wato kusan kunnen doki. Abin da aka umarci ɓangarorin biyu da shi iri ɗaya ne: a rage sukari da farin gari, a yawaita ganye, a dafa abinci a gida. A ganina nan maganin yake, kuma duk muna da shi a rumbu da bayan ɗaki.

Saboda haka in za ki yi yaƙi, fara da abin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa ya fi kyau sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce ƙaramin cokali shida. Robar lemo ɗaya ta rabin lita tana iya ɗaukar fiye da cokali goma. Ga zoɓo da kunun aya da muke zuba wa sukari da kofi don masu saye su dawo. Masu sana'ar zoɓo a cikinmu, ban ce ku bari ba, amma ku gwada ware wasu robobi masu ƙarancin sukari, ku ƙara citta da kanumfari. Masu ciwon sukari suna nema ba sa samu.

Sai kwano. Ba a ce ki kori tuwo ba, ki rage masa fili ne. Mai cin malmala biyu ta koma ɗaya, ta cika miya, kuka ko kuɓewa ko alayyahu. In za a kai niƙa kada a surfe hatsin har ya yi fari fat, dusar nan da muke ba awaki ita ke rage saurin sukari. Shinkafa a haɗa ta da wake, waken ya yi yawa. Da safe, ɗumame da miya ko ƙosai da koko marar sukari ya fi riƙe ciki a kan burodi. In kwaɗayi ya taso da la'asar, ga kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, ga gyaɗa cikin tafin hannu. Waken soya kuwa a gonakinmu ake noma shi, awara abinci ce mai gina jiki, sai dai a lura da suya, domin giram ɗaya na mai ya ninka giram ɗaya na gari kuzari fiye da sau biyu.

Kada kuma ki ɗora wa kanki buri mai nisa. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar a 2002 ya nuna cewa mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, da aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiyar ƙafa ta minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 80, wannan bai kai kilo 6 ba. Teloli a cikinku, tef ɗinku ma ya isa awo: ƙugun mace in ya wuce santimita 88, lokacin zuwa gwaji ya yi.

Yanzu gargaɗi, kuma ina roƙo ku kai shi gida. Mai ciki da mai shayarwa ba su da hurumin barin hatsi. Mai ciwon sukari da ke shan ƙwaya ko allurar insulin, in ta yanke tuwo rana ɗaya ba tare da likita ya gyara mata magani ba, sukarinta na iya faɗuwa har ta suma. Yara kuwa kada a taɓa kwanonsu. A jihar nan tamowa ce ke kwantar da yara, uwa ta rage nata, ta ƙara wa ɗanta wake da gyaɗa a kunu. Shayin rage tumbi da ake talla a waya, da yawansa ganyen filasko ne ko makamancinsa, gudawa kawai zai sa ki. Sannan 'yan matanmu, musamman masu shirin aure, da ke shan sha-ka-fashe don su ciko: cikin ƙwayoyin nan akwai masu kumbura fuska, su tayar da hawan jini da ciwon sukari. Iyaye mata, ku riƙa duba jakunkunansu.

Mun zo da na'urar awon jini da ta sukari, muna nan a bayan zauren har a tashi. Wadda ta haura shekara 40, da wadda ke yawan jin ƙishi da fitsarin dare, su fara zuwa.