Yadda Manoman Kwarin Wilamet Ke Sauraron Hasashen Mako

Wannan jawabi ne da wani malamin gona ya yi wa manoma gab da faɗuwar damina. Mun kawo muku shi kamar yadda ya faɗa.



An ce in yi muku magana a kan hasashen yanayi, watau bayanin nan da kuke ji a rediyo, ana cewa gobe za a yi ruwa, jibi ba za a yi ba. Na san da yawanku in an zo wurin sai ku murɗa zuwa wata tasha. Wani ma ya taɓa ce mini, "Malam, ai mutanen nan shaci-faɗi kawai suke yi." To, yau ba da gida zan fara ba. Zan kai ku wata ƙasa mai nisa tukuna, inda manomi ba ya tsara aikinsa sai ya ji abin da aka ce game da mako mai zuwa. In mun ga yadda suke yi, sai mu dawo gida.

Sunan wurin Kwarin Wilamet. Yana cikin Jihar Oregon ta ƙasar Amurka, can arewa maso yamma, kusa da tekun Pasifik. Kwari ne mai faɗi tsakanin jerin duwatsu biyu. Na yamma ba su da tsawo sosai, su ne suka raba shi da teku. Na gabas kuwa dogaye ne ƙwarai, ƙanƙara takan rufe kawunansu. Kogin Wilamet ya ratsa tsakiya ya nufi arewa. Tsawon kwarin kamar kilomita 240 ne, watau kusan tafiyar Kano zuwa Kaduna. Manyan garuruwansa su ne Fotland da Salem da Yujin, kuma yawancin mutanen jihar a nan suke zaune.

Ruwan da suke samu a shekara kamar milimita 1,000 ne, kusan daidai da na Zariya. Amma yadda yake sauka ya sha bamban da namu. Mu namu yakan zo da iska da tsawa, ya zuba kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke. Su nasu yawanci yayyafi ne, yau a yi, gobe a yi, har kwana 150 ko kusa da haka a shekara. Kuma a lokacin sanyi yake zuwa, daga Oktoba zuwa Mayu. Yuli da Agusta, lokacin da muke tsakiyar damina, su rani suke ciki.

Lokacin da nake son mu duba shi ne Maris da Afrilu da Mayu. Masu fassara sukan kira shi bazara, amma kada sunan ya ruɗe ku. Ba irin bazararmu ba ce mai hana barci a ɗaki. Lokaci ne da sanyi ke janyewa, itatuwa na toho, furanni na buɗewa. A watan Afrilu, sa'ad da ma'aunin zafi ke kai digiri 40 a Kano, su can da rana tsaka yakan tsaya wajen 16, da dare ya sauka wajen 4 ko 5. Kun ga ke nan hantsinsu kamar asubahin hunturunmu ne.

Me suke nomawa? Akwai inabi, akwai 'ya'yan itatuwa iri-iri, akwai wani ɗan itace mai ɓawo da ake kira hezalnot, wanda kusan duk abin da Amurka ke samu daga nan yake fitowa. Sannan akwai ciyawa. Kada ku yi dariya! Ciyawar da muke nomewa mu zubar, su shuka ta suke yi da gangan, su sa mata taki, su girbe irinta su sayar wa masu filin ƙwallo da masu kiwo a ƙasashe da yawa.

To, ga misalin irin hasashen da manominsu yakan ji ranar Lahadi da dare a watan Afrilu. Misali ne na tsara muku, amma haka makonsu yakan kasance.

Za a ce masa Litinin da Talata ruwa ne, kashi 90 cikin 100, da iska daga kudu. Da rana digiri 12, da dare 7. Laraba kashi 60, a yi ruwa a ɗauke, rana ta leƙo ta koma, wataƙila da 'yar ƙanƙara ƙanana. Alhamis gari zai washe, iska za ta kwanta, da rana digiri 15, amma kafin asubahin Juma'a zai sauka zuwa sifiri. Juma'a da Asabar rana ce, digiri 19. Lahadi kuma wani hadarin na tafe daga teku, kashi 40.

Yanzu in tambaye ku. A cikin kwana bakwai ɗin nan, wace rana ce ta fi tayar wa manomin hankali? Na ji Baba daga can baya ya ce Litinin, saboda ruwa. A'a, Baba. Ruwan Litinin ya saba da shi, sai dai ya zauna a rumfa ya gyara tarakta. Abin tsoronsa daren Alhamis ne, daren da gari ya washe, taurari suka fito tar.

Dalili kuwa kun san shi, ko da ba ku taɓa faɗa ba. Gajimare kamar bargo ne. In yana nan da dare, ɗumin da ƙasa ta sha da rana ba ya tserewa. In an yaye shi, kuma babu iska, sai ɗumin ya tashi sama, ƙasa ta huce ƙwarai. Iska mai sanyi kuma ta fi mai ɗumi nauyi, don haka sai ta gangara ta taru a wuri mai kwari, kamar yadda ruwa ke yi. Masu lambu a cikinku sun san da hunturu fadama ta fi tudu sanyi da asuba. To, haka abin yake can, sai dai nasu yakan kai raɓa ta daskare a kan ganye. Danshin da ke cikin sabon toho ma sai ya daskare, ya fasa shi daga ciki. In rana ta fito sai ka ga tohon ya yi baƙi kamar an babbake shi. Aikin wata da watanni, dare ɗaya ya cinye shi.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2022, ranar 11 ga Afrilu, dusar ƙanƙara ta sauka a Fotland, abin da ba a taɓa aunawa a filin jirgin saman garin a watan Afrilu ba. Bayan 'yan kwanaki, a tsakiyar watan, gari ya washe da dare, sanyi ya sauka ƙasa da sifiri. Inabi ya riga ya fara toho a gonaki da yawa, sai sanyin ya ƙone shi. Manoma suka ɗauka shekarar ta tafi. Abin da ya cece su shi ne itacen inabi yana da toho na biyu a ɓoye, ya fito daga baya, sannan kaka ta yi tsawo da ɗumi har cikin Oktoba, 'ya'yan suka samu suka nuna. Amma ba kowace shekara ake samun wannan sa'a ba. Shi ya sa yawanci suke dasa inabi a jikin tudu, ba a gindin kwari ba. Shi ya sa kuma in an ce daren Alhamis sifiri ne, wasu sukan kwana a gona. Wani ya kunna manyan fankoki don su gauraya iskar ƙasa da ta sama mai ɗan ɗumi, wani ya hura wuta tsakanin layuka, wani ya yi ta fesa wa shukarsa ruwa har gari ya waye.

Sauran ayyukan ma da hasashen ake jera su. Ƙasar gindin kwarin laka ce mai riƙe ruwa. Wanda ya yi gaggawar shigar da tarakta ranar Alhamis don ya ga rana ta fito, ko dai ta kafe, ko ta danne ƙasar ta taurare, saiwa ta kasa ratsa ta. Sai ya haƙura zuwa Asabar, ya damƙi ƙasa a hannu. In ta dunƙule kamar tuwo, da saura. In ta marmashe, ta yi. Mai feshi yana neman Juma'a da safe, babu ruwa, babu iska. Mai zuba takin zamani yana son Asabar, don ruwan Lahadi ya shigar masa da shi ƙasa. Mai itatuwa masu fure kuwa ƙudan zuma yake jira, su kuwa ba su cika fita cikin ruwa ba, ko in sanyi ya yi ƙasa da digiri 13.

Na ga wani yana son ya tambaya, mene ne wannan kashi 90 da kashi 40? Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Ba yawan ruwan ake nufi ba, ba kuma daɗewarsa ba. In an ce kashi 40 cikin 100, ana nufin in aka sami rana goma masu irin wannan alama, a huɗu ruwa zai sauka a wurinka, a shida ba zai sauka ba. Saboda haka in an ce kashi 40 kuma ba a yi ruwa ba, ba a yi maka ƙarya ba.

Ta yaya suke sani? Ba duba ba ne, ba kuma da'awar sanin gaibu ba ce. Awo ne da lura. Dattijo in ya ga gabas ta yi baƙi, iska ta juya, yakan ce a kwashe shanya, kuma ba wanda ke kiransa boka. Su ma haka ne, sai dai idonsu ya fi nisa. Tauraron ɗan'adam yana nuna musu hadari tun yana tsakiyar teku, da sauran kwana uku ko huɗu ya iso. A garin Salem akan saki balan-balan mai ɗauke da na'ura safe da yamma, ta hau sama tana auna zafi da danshi da iska. Sai a zuba duk wannan cikin manyan kwamfutoci su yi lissafi.

Amma ga abin da nake so ku riƙe. Kwana bakwai ɗin nan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Hukumar yanayi ta Amurka da kanta ta ce hasashen kwana biyar yakan dace kamar sau 9 cikin 10, na kwana bakwai sau 8 cikin 10, na kwana goma kuwa rabi da rabi ne. Don haka manomin Wilamet yakan kafa aikinsa a kan maganar Litinin da Talata, ya sa ido a kan ta Alhamis, ta Lahadi kuwa ya ajiye ta a gefe. Kuma ba ya ji sau ɗaya ya ce ya gama. Kullum da safe sai ya sake saurara, don in an sami sabon awo akan gyara magana.

Mu dawo gida. Dole in gaya muku gaskiya, hasashen ruwanmu ya fi nasu wuya. Su hadarinsu babba ne, yana tahowa daga teku a yamma, ya rufe kwarin gaba ɗaya. Mu namu daga gabas yake zuwa, sau da yawa zafin rana ne ke haɗa shi da la'asar, ya zuba a wannan ƙauye ya tsallake na kusa. Shi ya sa in Hukumar NiMet ta ce za a yi ruwa a sassan jiharku, tana iya yin daidai alhali gonarka ba ta sami ko ɗigo ba. Hukumar takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, mai faɗin lokacin da ake sa ran faɗuwarta da ɗaukewarta, takan kuma ba da na kwana uku-uku.

Su daren da gari ya washe ne ke yaudararsu. Mu kuwa ruwan farko ne. Sau nawa muka bi shi muka binne iri, ya tsiro, sannan sama ta yi shiru mako biyu ko uku, muka koma neman wani irin da tsada? Masu binciken gero a Nijar sun daɗe da kafa ma'auni. Sun ce damina ba ta zauna ba sai an sami ruwa milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma a kwana 30 da ke biye ba a yi fari fiye da kwana 7 ba. Rabin farko kana iya ganinsa da kanka, ka tona ƙasa ka ga inda laima ta kai. Rabi na biyu kuwa yana gaba, ido ba ya hango shi. A nan ne hasashe zai taimake ka. In an yi ruwan farko, kuma ka ji an ce kwanaki masu zuwa babu alamar wani, to kada ka zuba irinka duka. Shuka wani, ka ajiye wani.

Ga ɗan aikin da zan bar muku. Kowa ya sami takarda ya raba ta biyu. A hannun dama ya rubuta abin da rediyo ta ce za a yi gobe, a hannun hagu ya rubuta abin da ya gani a gonarsa. Ku yi haka kwana 30, kada ku tsallake rana. In mun haɗu wata mai zuwa ku zo da takardun mu ƙirga tare, har da mai cewa shaci-faɗi ne.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.