Jawabi Ga Shugabannin Ma'aikatu: A Riƙe Matasa

Ya ku shugabanni, waɗanda aka haifa tsakanin 1981 da 1996 su ne ginshiƙin aiki a Maiduguri. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, ta yaye su da yawa. Amma bayan rikicin da ya ɓarke a 2009, ƙungiyoyin agaji sun janye wasunsu da albashi mai tsoka, wasu likitocin kuwa suka nufi Saudiyya da Ingila. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Saboda haka a biya su a kan kari, a ƙara musu girma bisa cancanta, a tura su ƙaro ilmi. In ba haka ba, asibitocin Borno da makarantunta za su wayi gari babu magada.