Gudawa Mai Daɗewa da Lokacin Zuwa Gwaji

Gudawa ita ce yin bayan gida mai ruwa-ruwa sau uku ko fiye a rana. Yawanci takan tsaya cikin 'yan kwanaki. Idan ta kai kwana 14, likitoci na kiranta mai daɗewa. A unguwanni masu cunkoso irin Fagge da Sabon Gari, ruwan rijiya ko na 'yan ga-ruwa da ya gurɓata, da abincin da ƙuda ya sauka a kai, su ne manyan hanyoyin kamuwa.

Matakin farko shi ne mayar wa jiki ruwa: ƙunshin ORS ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Yara a haɗa musu da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14, kuma kada a daina shayar da jariri.

Jini a bayan gida, zazzaɓi, rama, faɗawar idanu ko ƙarancin fitsari na bukatar asibiti nan take. Gwajin bayan gida da na jini kan gano tsutsar ciki, atini, taifot ko ƙanjamau. Shan Flagyl daga kemis ba tare da gwaji ba kan ɓoye cutar. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa alamar kwalara ce. Idan aka gan ta, a garzaya asibiti.