Doka ɗaya, labari biyu: yadda dokar zaɓen Benin ta iso kunnenmu

Yau ina so mu koma kan wata doka da aka yi ta hayaniya a kanta, mu duba yadda aka ba mu labarinta.

Ranar 5 ga Maris 2024, majalisar dokokin Benin da ke Porto Novo ta yi wa dokar zaɓe gyara, shugaba Patrice Talon ya sa hannu ranar 15 ga wata. Tun daga lokacin labari ya rabu gida biyu. Kafofin da ke kusa da gwamnati suka ce an yi gyara ne don a ƙarfafa jam'iyyu, a raba ƙasa da jam'iyyun ƙauye ɗaya ko ƙabila ɗaya. Na 'yan adawa suka ce an gina katanga ne don a hana su shiga. In ka saurari ɓangare ɗaya kawai, sai ka rantse shi ke da gaskiya.

To me dokar ta ce? Kafin a ba jam'iyya kujera a majalisa, sai ta sami kashi 20 cikin ɗari na ƙuri'u a kowace mazaɓa daga cikin mazaɓu 24 na ƙasar. Ka riƙe kalmar nan, kowace, domin ita ce takan faɗi a hanya. Da yawa sun ji an ce “kashi 20” kawai, suka lissafa: ai jam'iyyar Les Démocrates ta Boni Yayi ta sami wajen kashi 24 a zaɓen 2023, ke nan ta tsira. Ina! Lissafin ba na ƙasa gaba ɗaya ba ne. Kai da ke Kolokonde kana jefa ƙuri'a a mazaɓa ta 13, wato Jugu. Ɗan'uwanka na Paraku yana ta 8. Ko da jam'iyyarku ta lashe nan da can, in ta gaza kai kashi 20 a wata mazaɓa guda can kudu, wadda ba ka taɓa takawa ba, ƙuri'arka ba ta haifi ɗan majalisa ba. Wanda ya ba ka labari ya haɗiye wannan kalma bai yi maka ƙarya ba, amma ya bar ka cikin duhu.

Ɗaya ɓangaren ma yana da abin da yake haɗiyewa. Dokar ta buɗe wata ƙofa: jam'iyyun da suka ƙulla yarjejeniyar ƙawance tun kafin zaɓe suna iya haɗa ƙuri'unsu, muddin kowace ta sami kashi 10 a faɗin ƙasa. Mai son ya nuna maka katanga ba ya son ambaton ƙofar. Mai son ya nuna maka ƙofa kuma ba ya gaya maka cewa jam'iyyu biyu masu goyon bayan shugaba, UP-R da BR, su ne ƙofar ta fi yi wa daidai, tunda dama tafiyarsu ɗaya. Ita babbar jam'iyyar adawa, da wa za ta ƙulla?

Sai batun masu tsaya wa ɗan takarar shugaban ƙasa. An ɗaga adadinsu daga kashi 10 zuwa 15 na 'yan majalisa da magadan gari. 'Yan majalisa 109, magadan gari 77, jimla 186, kashi 15 ya kama mutum 28. Les Démocrates kuwa a lokacin 'yan majalisa 28 cif take da su. Wani ya ɗauki wannan adadi ya ce: kun gani, ba a hana kowa ba, suna da abin da ake nema. Wani ya ce: mutum ɗaya ya zame, shi ke nan. Adadi ɗaya ne fa a bakin su biyun. A Oktoba 2025 ɗan majalisa Michel Sodjinou ya janye goyon bayansa, aka ƙi karɓar takarar Renaud Agbodjo. A zaɓen majalisa na 11 ga Janairu 2026 kuma, jam'iyyar ta tashi babu kujera ko ɗaya, UP-R da BR suka raba duka 109.

Kada ka ce na ɗauki ɓangare. Mai ganin ƙasa mai mutum sama da miliyan 12 ba ta bukatar tarin jam'iyyu yana da hujjar da za a saurara. Abin da nake ƙi shi ne a yanke maka hukunci a kanun labari kafin a karanta maka sashen doka.

Mu ma na gidan rediyo ba mu fita ba. Da Faransanci ake rubuta doka, mu ne ke juya ta zuwa Hausa da Dendi da Fulatanci. In na ce dokar za ta “tace” jam'iyyu, na wanke ta. In na ce za ta “toshe” su, na kama ta da laifi, kuma duka biyun a cikin daƙiƙa ɗaya ake faɗa. Sannan akwai tsoro, kada mu ɓoye. Tun da aka ɗaure ɗan jarida Ignace Sossou a Disamba 2019 kan kalaman wani mai gabatar da ƙara da ya wallafa a intanet, mai riƙe da makirufo yakan auna bakinsa sau biyu.

Saboda haka, malam, duk ranar da ka ji an ce majalisa ta zartar da doka, ko daga bakina ne, ka tambaya: sashe na nawa, kashi nawa, na ina, kuma wa ya jefa ƙuri'ar ƙi? Layukanmu a buɗe suke bayan labaran yamma. Mai tambaya kan mazaɓarsa ya kira, za mu buɗe takardar mu karanta tare.