Wa Ya Ɗinka Rigar da Ke Jikinka?

In da hali ku juya wuyan rigarku ku duba ɗan ƙyallen da aka maƙala. In gwanjon Ƙofar Wambai ce, ba mamaki ku ga sunan Bangladash.

A can ne, ranar 24 ga Afrilun 2013, benen Rana Plaza mai hawa 8 ya rufta a Savar, kusa da Dhaka, ya hallaka mutum 1,134, yawancinsu mata masu ɗinki. Abin da ke ci mini rai shi ne, tun ana gobe aka ga ginin ya tsage. Banki da shagunan ƙasa suka rufe, su kuwa teloli aka ce su koma kan keke ko su rasa albashi. Albashin ma nawa yake? Mafi ƙanƙantarsa a lokacin taka 3,000 ne a wata, bai kai dala 40 ba.

Kafin a gano kamfanonin da ake yi wa ɗinkin, sai da aka riƙa tono tambarinsu daga cikin ɓaraguzai, domin kwangilar takan bi hannun dillali bayan dillali.

Daga baya kamfanoni sama da 200 suka sa hannu kan yarjejeniyar binciken gine-gine da matakan kariya daga gobara. H&M da Primark yanzu suna wallafa sunayen masana'antun da ke yi musu ɗinki. Madalla, amma da sauran rina a kaba: mai noman audugar, har yau da wuya ka ga an ambace shi a irin wannan jeri.