Bayan An Ɗinke Ƙirji: Maganin Bugun Zuciya Da Haƙƙin Iyaye A Kan 'Ya'yansu Na Birni

Shugaban wannan taro, iyayenmu hakimai da dagatai, shugabannin ƙungiya, da 'yan'uwa maza da mata da suka taso daga Legas, Abuja, Kaduna, Kano da Sakkwato domin sada zumunci, muna yi maku barka da zuwa gida. Mu dai alli da allo muka sani, da su muka tsufa. Saboda haka abin da za mu faɗa a yau sai da muka zauna da wasu tsofaffin ɗalibanmu da suka zama likitoci muka tace shi, kuma ba zai maye gurbin maganar likitan da ke duba mahaifin kowa ba.

A 'yan shekarun nan, gidaje da dama a ƙasar Gwandu da Kalgo sun ga abin da a da sai dai a labari: an buɗe ƙirjin uba ko uwa, an gyara ko an sauya ƙyauren zuciya, kuma mutum ya dawo gida da ƙafarsa. Zuciya tana da ɗakuna 4 da ƙyamare 4 waɗanda ke buɗewa su rufe domin jini ya bi hanya guda. A ƙasashe irin namu, babban abin da ke lalata su shi ne ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa maganin asibiti ba, wanda kan bar tabo a zuciya, tabon kuma sai bayan shekaru masu yawa yake bayyana. Tsufa ma yakan sa su sandare. An fara aikin buɗe zuciya a Nijeriya a Inugu a shekarar 1974, amma har yanzu da yawa daga cikin mutanenmu Indiya ko Masar ake kai su. A da wasu kan tafi asibitin Salam da ke kusa da Khartum, wanda aka buɗe a 2007 yana yin aikin kyauta, kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 ya sa hanyar ta yi wuya.

Wajen haɗa kuɗin aiki, babu wanda zai zarge mu da rowa. Ana sayar da shanu, ana jinginar da fadama, ƙungiya tana zagayawa da faranti. Ranar da majinyaci ya sauka, gari ya cika da 'yan barka. Bayan mako biyu kowa ya koma bakin aikinsa, a bar dattijo a Dalijan ko Kambaza ko Diggi da leda cike da kwalayen magani da takardar sallama cikin Turancin likitoci. Daga nan ne waya ke fara ƙara a birni: Baba ba ya cin abinci, hannun Inna yana karkarwa, tari ya ƙi tafiya. Sai ɗan da ke Abuja ya ɗauko sunan maganin ya duba a intanet, ya ga jerin illolin da ya fi tsawon hannu, ya ba da umurni ta waya a daina sha. Wani kuwa ba ya duba komai, kowane wata yana aiko da kwali iri ɗaya har shekara uku, yana ganin ya sauke nauyi. Su biyun duka ƙauna ce ta sa su, kuma duka biyun suna iya kai mahaifi kabari.

Bari mu fara da dalilin ba da maganin. Bayan aikin ƙyaure, kusan mutum 1 cikin 3, wani lokaci fiye da haka, ɗakunan sama na zuciyarsa kan rikice, su riƙa rawa maimakon bugawa daidai, galibi a kwana na biyu ko na uku. Idan haka ta faru jini yana iya kwanciya ya yi guda, gudan kuma ya wuce ƙwaƙwalwa ya kawo shanyewar ɓarin jiki. Saboda haka ake ba da maganin da zai daidaita bugun ko ya rage saurinsa, a haɗa da mai hana jini yin guda. Wanda ya tsayar da su da ka, waɗannan haɗurra ya buɗe wa ƙofa.

Wanda ya fi tayar wa mutane hankali shi ne amiyodaron, wanda a kan wasu kwalaye za ku ga an rubuta Cordarone. An samo shi a ƙasar Beljiyam a farkon shekarun 1960, kuma har yau yana cikin mafi ƙarfin magungunan daidaita bugun zuciya. Yana da halaye biyu da ya kamata kowane ɗa ya sani. Na farko, cike yake da sinadarin aidin, irin wanda ake sa wa gishiri domin hana maƙoƙo. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 200 tana sakin kimanin miligiram 6 na aidin a jiki, alhali abin da babban mutum ke buƙata a yini bai wuce miligiram 0.15 ba. Ɗan aji biyar ma zai raba ya gaya maku ninki 40 ke nan. Wannan ne ya sa maganin kan taɓa halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta muke kira maƙoƙo, wadda ita ke tsara saurin aikin jiki. A cikin masu shan sa na dogon lokaci, kimanin 15 zuwa 20 cikin 100 sukan sami wannan matsala. Idan aikin halittar ya ragu, sai mutum ya riƙa jin sanyi, kasala, taurin bayan gida da mantuwa, iyali su ce ai tsufa ne. Idan ya yi yawa, sai rama, gumi, rashin barci da karkarwar hannu, iyali su ce sammu ne ko iska, a nufi wajen mai magani. Awon jini guda zai raba gardama, kuma duka biyun suna da magani.

Hali na biyu shi ne daɗewa. Amiyodaron yana taruwa a kitsen jiki, kuma bayan an daina sha yakan ɗauki kusan wata biyu kafin rabinsa ya fita. Ke nan wanda ya daina yau ba zai ga sauyi gobe ba, kuma duk likitan da zai ba shi wani magani cikin watannin da suka biyo baya dole a gaya masa an sha shi. Yakan kuma taɓa hanta, ya sa fata ta kasa jure rana, ya sa a riƙa ganin zobe a kewayen fitila da dare. Illar da ta fi haɗari ita ce ta huhu. Ba ta da yawa, kuma ta fi samun wanda ya daɗe yana sha ko yake shan mai yawa, amma a nan wurinmu tana da mafaka, domin busasshen tari da haki a lokacin hunturu kowa ƙura zai ɗora wa laifi. Dattijon da ke shan wannan magani, wanda a da yake zuwa masallacin unguwa ba tare da tsayawa ba, yanzu kuma sai ya huta a hanya, asibiti za a kai shi a ɗauki hoton ƙirjinsa, ba kyamis ba.

Ga kuma abin da ya fi ba mu takaici. Sau da yawa likitan da ya yi aikin ya rubuta wannan magani ne na makonni ko 'yan watanni kawai, domin rikicewar bugun da aiki ya jawo takan lafa da kanta idan zuciya ta warke. To, likitan yana Indiya, majinyaci yana Zuguru, babu wanda ya ce a tsaya. Haka kuma akan fara shi da yawa sannan a rage, alal misali ƙwaya uku a yini na mako guda, biyu na mako guda, sannan ɗaya. Wanda ya riƙe takardar farko yana saye da ita, zai bar mahaifinsa a kan ƙwaya uku. Akwai ma gidan da za a tarar ana shan kwalin da aka zo da shi daga waje tare da wanda aka saya a Birnin Kebbi, ana zaton magani biyu ne saboda sunayen sun bambanta. Matambayi ba ya ɓata. Kafin a baro asibiti, ko a ziyara ta gaba, a tambayi likita: wannan na mene ne, har yaushe za a sha shi, wane awo ake yi saboda shi, kuma wa zai duba sakamakon? Ga mai shan amiyodaron, ƙa'ida ita ce a auna jininsa domin hanta da halittar wuya tun farko, sannan kowane wata 6.

Magani na biyu shi ne digoksin, ko Lanoxin, wanda asalinsa ganyen wani fure ne da likitan Ingila William Withering ya yi rubutu a kansa tun 1785. Tazarar da ke tsakanin gwargwadon da ke warkarwa da wanda ke cutarwa ƙanƙanuwa ce, kuma ƙoda ke fitar da shi. Idan bazara ta kama, dattijo yana shan Lasix mai sa fitsari, ga gumi, ga ƙarancin shan ruwa, ko gudawa ta same shi, sai maganin ya taru. Alamarsa ƙin abinci, tashin zuciya, amai, ruɗewa, wani lokaci a riƙa ganin abubuwa rawaya-rawaya. Amiyodaron yana ƙara masa ƙarfi, shi ya sa likitoci kan rage shi zuwa rabi idan sun haɗa su. Game da azumi kuwa, iyayenmu ba sa son a ce masu su sha. A kai su ga likita tun watan Sha'aban, a kuma haɗa su da malamin da suke jin maganarsa, domin shari'a ta yi wa majinyaci rangwame.

Sai warfarin, mai hana jini yin guda. Wanda aka sa wa ƙyauren ƙarfe, irin wanda ake jin ƙararsa kamar agogo idan dare ya yi tsit, zai sha shi iya rayuwarsa. Ana auna aikinsa da awon jinin da ake kira INR, kuma ga mafi yawan mutane likita kan so lambar ta tsaya tsakanin 2 da 3, ga wasu kuma 2.5 zuwa 3.5. Amiyodaron yana ƙara masa ƙarfi ƙwarai, saboda haka akan rage warfarin idan an fara shi, a sake daidaita shi bayan an daina. Wannan dalili kaɗai ya isa ya hana kowa tsayar da magani ta waya. Miyar kuka, zogale da alayyafo suna rage ƙarfin warfarin, amma ba a hana su ba. Abin da ake so shi ne kada a yi wata ba a ci ba sannan a kwana uku ana cin kwaɗon zogale. Ƙaho, sakiya da cire haƙori a hannun wanzami sun haramta ga mai shan sa. Jini daga dasashi, haɓon da ya ƙi tsayawa, fitsari ja ko baƙin bayan gida, duk na gaggawa ne.

Babban tarkon yana kyamis. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna Jihar Kebbi ce kan gaba a zazzaɓin cizon sauro, inda aka sami ƙwayar cutar a jinin yara 52 cikin 100, na 2021 kuma 49. Mu mutanen fadama ne, zazzaɓi baƙonmu ne na kowace damina, kuma mun saba aika yaro ya sayo magani. Kinin da Coartem suna iya haɗuwa da amiyodaron su ƙara rikita bugun zuciya. Flagyl da Septrin suna iya sa warfarin ya tsinka jini fiye da kima. Magungunan ciwon gaɓɓai irin su Feldene suna iya sa ciki zubar da jini. Kada wani ya fahimci cewa a bar zazzaɓi ba magani, domin shi ma yana kisa, kuma zazzaɓi ga mai sabon ƙyaure yana iya zama alamar ƙwayar cuta ta kama ƙyauren. A auna jini tukuna, a shimfiɗa wa ma'aikacin lafiya dukan kwalayen a kan tebur, shi ya zaɓa. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe ma a faɗa masa, kada a ɓoye don kunya.

Mun yi shekaru muna kiran rajista kowace safiya, kuma mun ga yadda littafi ke tona abin da ido ya tsallake. Ku sayi littafin rubutu guda ku ajiye a ɗakin majinyaci. A shafin farko a rubuta irin ƙyauren da aka sa, ranar aikin, sunan kowane magani da lokacin shan sa. Ku zaɓi mutum ɗaya a gida, ko da jika ne ɗan sakandare, ku koya masa ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ya ƙirga bugun jijiya na minti ɗaya cur. Tsakanin 60 da 100 shi ne na kowa. Idan ya sauka ƙasa da 50 tare da jiri, ko ya haura 120 mutum yana zaune, ko aka suma, a nemi mota nan take. Kowace Juma'a ya ɗauki hoton shafin ya turo maku. Littafin nan shi zai riƙa bin dattijo zuwa babban asibitin Kalgo, ko asibitin Sir Yahaya da na Tarayya a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A cikin 'ya'ya kuma a tsayar da mutum guda da zai riƙa magana da likita, domin idan biyar suna ba da umurni daga garuruwa biyar, tsohuwar da ke ba da maganin ba ta san na wa za ta bi ba.

Ga shugabannin ƙungiya, roƙonmu biyu ne. Duk lokacin da aka tara gudummawar aikin zuciya, a ware wani kaso tun farko domin awon jini da kuɗin mota na shekarar da za ta biyo baya, a riƙa fitar da shi wata-wata. Sannan sakatare ya tattara sunayen 'ya'yan Gwandu da Kalgo likitoci, masu haɗa magani da ma'aikatan jinya da ke cikinmu, waɗanda suka yarda a tura masu hoton takardar sallama su fassara ta da Hausa ga iyali. Muna fata a tattauna waɗannan biyu a zaman kwamiti na yammacin yau kafin baƙi su kama hanya.