Jawabin Shugaban Taro a Wurin Ƙaddamar da Littafin Soyayya

 

Ranka ya daɗe uban taro, mai girma babban mai ƙaddamarwa, iyayenmu mata, malamanmu, 'yan'uwa marubuta da makaranta, barkanmu da ganin wannan rana.

Na san a zauren nan akwai wanda yake tambayar ransa: me ya haɗa dattawa da littafin soyayya? Tambayar ta cancanci amsa.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To, amma 'ya mace a gidajenmu an tarbiyyantar da ita da kunya da kawaici. Idan mahaifinta ya zaɓa mata miji, sai ta sunkuyar da kai, a ɗauki shirunta a matsayin amincewa. Fuskar da aka ce a tambaya tana cikin mayafi. Alƙalamin marubuci ne ya zo ya faɗi abin da bakinta ya kasa furtawa.

Tarihi shaida ne. A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, ta ɗora auren dole da cire yarinya daga makaranta a kan faifai. Ba da jimawa ba Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, ya auna so da dukiya a sikeli guda. An yi wa irin waɗannan littattafai laƙabin adabin kasuwar Kano don raini. Duk da haka mata da yawa sun dage da karatun boko saboda su, kuma iyaye sun ji kukan da ba su taɓa ji ba a cikin gidajensu.

Wannan shi ne aikin fasaha: ta sa mutum ya ji zafin da ke jikin wani. Ɗan Adam yana son kyau tun daga halittarsa, shi ya sa magini ke yi wa soro zayyana, maɗinki ke ƙawata wuyan riga da aska takwas. Sai dai akwai kyan ɗan maciji. Rubutun da ya ƙawata yaudara, ko ya mai da mace kayan sayarwa, guba ne komai daɗin kalmominsa. Kyan da muke nema shi ne wanda mai karatu zai rufe littafi ya ga tausayinsa ya ƙaru.

'Yata marubuciya, na karanta littafinki, na ga kin riƙe wannan amana. Allah Ya yi miki albarka, Ya ƙara basira.

Jama'a, kada mu tsaya ga yabo. Mu sa hannu a aljihu mu saya. Iyaye maza musamman, ku karanta shi da kanku, sannan ku zauna ku saurari 'ya'yanku.